Tsohuwar taraktar mahaifinmu: in fesa mata fenti kafin in sayar?

Auta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata ƙaramar tarakta ruwan toka, ƙirar Ferguson. Ta daɗe a rumfa ba a tayar da ita ba, tayoyin baya sun kwanta, fenti ya koɗe, tsatsa ta fito nan da can. Mun zauna da yayyena an yanke a sayar, ni kuma aka ɗora wa aikin. Wani abokina ya ce kada in kuskura in ba masu sayen ƙarfe a kilo, wai akwai masu tara tsofaffin taraktoci da ke biyan kuɗi masu kauri. Niyyata in sa a kankare tsatsar, a fesa mata jan fenti irin na Massey Ferguson, a sa sabuwar kujera, sannan in ɗauki hoto in tallata. Me kuka gani?

Bakanike:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Auta, mayar da kuɗin fentin nan aljihu tukuna. Kafin komai, je ka duba wajen da sandar sitiyari ta shiga, za ka ga wani ɗan farantin ƙarfe da aka buga wa haruffa da lambobi. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ban da sanfefa. Faɗa mana abin da aka rubuta.

Baba Dattijo:
Allah ya gafarta wa mahaifinka, ɗana. Maganar jan fenti dai ka bar ta gaba ɗaya. Idan taraktar nan ita ce wadda nake zato, wato TE20, ba ta taɓa fitowa daga masana'anta da ja ba. Ruwan toka aka yi su, tun daga ta farko a 1946 har ta ƙarshe a 1956, a masana'antar kamfanin Standard da ke birnin Coventry na Ingila. Wadda ta gaje ta, FE35, ta zo da ruwan toka da ruwan zinariya. Ja sai daga baya, da aka koma sunan Massey Ferguson. Duk wanda ya san harkar, yana ganin TE20 cikin jan fenti zai san hannun da bai sani ba ya taɓa ta, daga nan kuma sai ya fara zargin sauran sassan.

Amma bari in rage maka zumuɗi, don abokin nan naka rabin magana ya faɗa maka. An ƙera TE20 sama da rabin miliyan. Tsufa daban, ƙarancin samuwa daban. Taraktocin da ake jin labarin tsadarsu, yawanci 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya. A 2022 an yi gwanjon wata Case 30-60 ta shekarar 1913 a Amurka, ta tashi dala miliyan 1.47, saboda irinta da suka saura ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Ko ka ɗauki UDLX ta kamfanin Minneapolis-Moline, wadda aka fitar a 1938 da rufaffen ɗaki kamar mota: manoma ba su saye ta ba, kusan 150 kawai aka yi, rashin kasuwarta a wancan lokaci shi ya zama darajarta yau. Taku ba ta cikin wannan sahu. Tana da masoya sosai, za ta samu mai saye, sai dai kada ku fara lissafin gina gida da kuɗinta.

Dillalin Ƙarfe:
Da girmanka Baba, ban yarda da maganar kada a yi fenti ba. Ni kullum a cikin ciniki nake. Mutum da ido yake fara saye. Ka ajiye tarakta biyu, ɗaya tana ƙyalli ɗaya ta yi buɗu-buɗu, wallahi wajen mai ƙyallin za a taru. Ja ne bai dace ba? To a fesa ruwan tokar.

Bakanike:
Oga Dillali, ai wanda zai taru wajen ƙyalli ba shi Auta yake tambaya a kai ba. Mai tarawa idan ya ga sabon fenti, tambayar farko da ke zuwa ransa ita ce: me aka rufe? Tsagewar da aka yi wa walda? Ramin tsatsa da aka cike da foti? Yoyon mai? Tsohon fenti ba ya ɓoye komai. Kuma fentin da za a yi cikin gaggawa, ba a kwance komai ba, a fesa a kan waya da tiyo da giris, shi mai sayen sai ya biya kuɗi an kankare masa. Ka ga an kashe kuɗi an rage daraja ke nan.

Baba Dattijo:
Kamar a rina wa dattijo furfura ne, shekarun suna nan, mutuncin ne ya tafi. Fentin masana'anta idan aka kankare shi ba ya dawowa, ko nawa za ka kashe. A 'yan shekarun nan masu tarawa da yawa sun fi son tarakta da fatarta ta asali, ko da ta koɗe, su wanke ta, su shafa mata ɗan mai don tsatsa ta tsaya, shi ke nan.

Dillalin Ƙarfe:
To ai ba kowa ne mai tarawa ba. Mai ƙaramar gona ko lambu da ke neman abin jan tirela fa? Shi ina ruwansa da fatar asali?

Hajiya Mai Lissafi:
Nan kam Dillali ya faɗi gaskiya, kuma shi ne abin da ya kamata Auta ya fara warwarewa: wa zai sayar wa? Masu saye iri uku ne a ganina. Akwai mai son ya yi aiki da ita, shi lafiyar inji da taya ce damuwarsa. Akwai mai tarawa, shi asali yake bi. Akwai kuma mai farfasa ta ya sayar da sassa. Amma Malam Dillali, ko shi mai aikin, tsakanin sabon fenti da sabuwar tayar baya wanne zai zaɓa? Fenti ba ya jan garma.

Dillalin Ƙarfe:
Hajiya kin kama ni. Taya zai zaɓa. Amma dai a wanke ta, don Allah. Kada a ɗauki hoto da kashin kaji a kan bonet a ce wai asali ne.

Auta:
Na gode ƙwarai. Na je na duba. Farantin yana nan, haruffan farko TED ne, sai lambobi shida. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na karanta cewa TED, wato wani nau'in TE20, da fetur ake tayar da ita, in ta yi zafi a juya ta kan kananzir. Tamu kuwa tun ina yaro man dizal Baba yake zuba mata, kuma na leƙa ban ga filogi ko ɗaya ba.

Bakanike:
Yauwa, yanzu magana ta fito. Ƙirga min bututun ƙarfe sirara da ke shiga kan injin, uku ne ko huɗu? Sannan ka tsaya daga gefe ka duba bonet, bai ɗan ɗaga sama fiye da yadda kake gani a hotunan wasu ba?

Auta:
Uku ne, Oga. Bonet kuma kamar an ɗaga shi, akwai tazara a ƙasa.

Bakanike:
To an canza mata inji. Alamu sun nuna Perkins P3 ne, dizal mai silinda uku. Ya fi injin asali tsayi, shi ya sa ake ɗaga bonet. Ta Ferguson mai dizal daga masana'anta TEF ake rubuta mata, ta fito a 1951, kuma silinda huɗu gare ta. Ka nemi farantin injin ka tabbatar, kada ka dogara da hasashena daga nesa.

Auta:
Innalillahi. Wato darajarta ta faɗi ke nan?

Baba Dattijo:
Kwantar da hankalinka. Ba kowane canji ne lalata ba. Da a ce jiya wani ya ciro injin tsohuwar mota ya ɗaura mata da walda, da na ce an kashe ta. Amma sa wa Ferguson injin P3 sanannen abu ne tun a shekarun 1950, manoma da dama sun yi don sauƙin kuɗin mai, kuma akwai kayan haɗin da aka yi musamman domin hakan. Ya zama wani ɓangare na tarihin taraktar. Mai tsattsauran ra'ayi wanda ke son inji da gangar jiki su zama 'yan rana ɗaya zai wuce ta. Wani kuma ita yake nema, don kowa yana da TED amma ba kowa ke da mai P3 ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ɓoye. Rubuta shi a layin farko na tallarka.

Dillalin Ƙarfe:
Ni a wajena ma ƙari ne. Mai aiki dizal yake so, wa zai tsaya neman kananzir?

Ɗalibin Injiniya:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa. Baba, ina da ƙari a kan maganar ƙarancin samuwa. A ganina ba ita kaɗai ke ɗaga farashi ba, akwai begen yarinta. Mutum yakan nemi taraktar da ya ga mahaifinsa a kai. Waɗanda suka taso da Fordson ta 1917 sun shuɗe, 'ya'yansu ma sun tsufa. Waɗanda suka taso a shekarun 1960 da 1970 su ne yanzu ke da kuɗi da lokaci, shi ya sa John Deere 4020 da Massey Ferguson 135 ke da farin jini duk da cewa an yi su da yawa. Sannan akwai sunan da ke sayar da kansa: taraktar Porsche-Diesel da aka daina yi a 1963, ko Lamborghini wanda da tarakta ya fara a 1948 kafin motoci, masu tara motoci ma suna shigowa gwanjonsu.

Kuma ita TE20 ba ƙaramar aba ba ce a tarihi. Hannayen nan uku na baya da ake maƙala garma, waɗanda kusan kowace tarakta ke da su yau, dabarar Harry Ferguson ce, mai kamfanin Ferguson. Da TE20 guda uku da aka yi wa gyara Edmund Hillary, matafiyi ɗan ƙasar New Zealand, ya isa tsakiyar ƙuryar kudancin duniya a Janairun 1958.

Baba Dattijo:
Ka yi karatu, ɗana, kuma na yarda da rabin maganarka. Bege yana ɗaga kasuwa, amma yana tafiya da masu shi. In wannan tsara ta wuce, wa zai yi begen 135? Ƙarancin samuwa kuwa ba ya tsufa. Duba John Deere Model D, an yi ta daga 1923 har 1953, amma na farko-farkon nan waɗanda babban faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen injinsu ke da haƙarƙari kamar ƙafar keke, su ake rububi, alhali babu mai rai da zai ce ya tuna ranar da aka kawo su. Haka Lanz Bulldog ta Jamus mai silinda ɗaya, da sai an gasa kan injinta da wuta kafin ta tashi, ko Field Marshall ta Ingila da ake iya tayarwa da harsashin bindiga marar dalma a ciki. Waɗannan ko yaro ya gani sai ya tsaya kallo.

Ɗalibin Injiniya:
Amma Baba ai su ma...

Mai Kula da Zaure:
Malamai, bawan Allah tarakta zai sayar, ba jarrabawar tarihi zai zauna ba. A dawo kan hanya.

Auta:
Haha, ina ƙaruwa ai. Oga Bakanike, in kawo batir in gwada tayar da ita?

Bakanike:
A'a, kada ka fara da batir. Inji da ya daɗe a kwance, in ka ba shi kik kai tsaye za ka iya karya zoben fistin ko ka lanƙwasa wani abu. Fara da hannu. Fitar da giya, ka gwada juya injin a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi, rabin damuwa ta tafi. In ya cije, kada ka sa ƙarfi, kada kuma ka bari wani ya ce a ja ta da mota a saki kuloci, nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A cire nozul, a zuba ɗan dizal da baƙin mai cikin silinda, a bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki.

Zaro sandar gwajin baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Duba na giya da na baya ma, don ruwan sama kan bi ta gindin sandar giya ya taru a ciki. Zubar da tsohon man tanki, a wanke, a canza matata, a fitar da iska daga bututu. Leƙa lagireto. Bi gefen injin da fitila ka nemi tsagewa ko tabon walda, musamman in taraktar ta taɓa zama a ƙasa mai sanyi, don ruwa in ya daskare a ciki yana fasa gangar inji.

Ranar tayarwa kuma, a kan kujera za ka zauna, ba a tsaye gaban tayar baya ba. Taraktocin nan ba su da ƙarfen kariya in sun kife, birkinsu kuma bayan dogon zama ba abin yarda ba ne. A kawar da yara. Mutane sun mutu a dalilin tarakta da ta tashi tana cikin giya.

In duk wannan ya fi ƙarfinka, nemi wanda ya san dizal. Wannan ne kaɗai wajen da zan ce ka kashe kuɗi, domin tazarar farashi tsakanin "tana tashi" da "an ce tana tashi lokacin da aka ajiye ta" babba ce.

Dillalin Ƙarfe:
Wannan kam ba musu. Duk mai saye da ya ji "da ƙafarta ta shiga rumfa" yana lissafa sabon inji a ransa ya cire daga tayinsa.

Bakanike:
In ta tashi, ɗauki bidiyo tana sanyi. Fara da ɗora hannu a kan injin a gani ba zafi, sannan ka tayar, kada ka yanke. Masu saye sun san dabarar ɗumama inji kafin baƙo ya iso. Su ga hayaƙin salansa da idonsu: fari kaɗan da farko ya wuce, ba komai, shuɗi mai ɗorewa, tana shan baƙin mai, baƙi, man ya yi yawa ko nozul sun gaji. Sa kowace giya a bidiyon. Rataya garma a hannayen baya, ɗaga ta, kashe injin, a ga ko za ta tsaya ko za ta sulale ƙasa nan take.

Hajiya Mai Lissafi:
Tunda an ambaci garma: Auta, me kuma ke cikin rumfar? Maza sukan kalli taraktar su manta da tarkacen gefe.

Auta:
Akwai garma mai baki biyu, da wani faranti a jikinta mai sunan Ferguson. Akwai akwatin sufana. Yayarmu kuma ta ce littafin taraktar da wasu rasitai suna cikin akwatin takardun Baba. Tsohuwar kujerar ƙarfe ce, ita nake son canzawa.

Baba Dattijo:
Kada ka taɓa kujerar nan! Ita ce tata. Kuma garmar da ka kira a gurguje, wani mai tarawa zai fi murna da ita a kan taraktar. Ferguson ba tarakta kaɗai ya sayar ba, tsari ne guda da kayan aiki iri-iri da aka yi domin ta, kowanne da farantinsa da lambarsa. Taraktoci sun tsira da yawa, kayan aikin kuwa an bar su a bakin gona sun ruɓe ko an narkar. Duba cikin akwatin ko sufanar Ferguson tana nan, mai baki biyu da awon inci a jikinta. Kada ka zubar da komai, ko lanƙwasasshen ƙarfe ne. In Allah ya sa tsohon injin na asali yana wani lungu, ko ya mutu, haɗa shi cikin cinikin.

Takardun kuma su ne abin da kuɗi ba ya saye. Tarakta da ta zauna gida ɗaya shekaru masu yawa, ga rasit, ga littafi, ga wataƙila hoton mahaifinku a kanta, ta fi wadda ta bi hannu goma ba a san inda ta fito ba. Lambar farantin nan za ta ba ka shekarar ƙira, akwai jadawalinta a wajen ƙungiyoyin masu Ferguson. A jikin wasu sassan da aka zuba ma akwai ranar zubi, masu saye kan gwada su da lambar su ga ko sun yi daidai.

Hajiya Mai Lissafi:
Saura maganar kuɗi. Kada ka sa farashi da abin da ka ga wasu suna nema a intanet, kowa na iya neman abin da ya ga dama. Nemi sakamakon gwanjo, abin da aka biya a zahiri, na irin taka kuma a irin halinta. In gwanjo za ka kai, tambayi la'adarsu da kuɗin shiga, ka kuma sa ƙaramin farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. In kai tsaye za ka sayar, ribar ta fi amma wahalar taka ce.

Ka yi hattara da mai saye daga nesa wanda bai tambayi lambar faranti ba, bai nemi bidiyo ba, bai yi tayi ba, ya ce ya amince. Sai ya turo shaidar biya da ta wuce kuɗin, ya ce ka mayar da ragowar ga mai ɗaukar kaya. Shaidar ta bogi ce. Mai tarawa na gaske tambayoyi zai dame ka da su har ka gaji. Tarakta ba ta barin rumfa sai kuɗi sun zauna a asusu, ba saƙon waya ba. Tunda kuma kayan gado ne, kowane magaji ya sa hannu a takarda kafin ka karɓi ko kafin alƙalami.

Dillalin Ƙarfe:
A ƙara da kuɗin ɗauka. Ƙarama ce amma ta haura tan ɗaya, ga garma. A yi maganar wa zai biya tun farko. Sau da yawa mai saye na kusa da tayi kaɗan ya fi na nesa da tayi mai yawa. Tayoyin fa, Oga Bakanike? Ni dai da na canza.

Bakanike:
A ba su iska a gani tukuna. In sun riƙe har a tura ta kan mota, ya isa. Sababbin tayoyin baya na iya cinye kaso mai yawa na kuɗin taraktar, kuma mai tarawa ya fi son ya zaɓi zanen da ya dace da zamaninta. Abin dubawa shi ne wilin. Wasu manoma kan cika taya da ruwa mai gishirin kalsiyam don ƙarin nauyi, in ya yi yoyo yana cinye ƙarfen ta wajen bakin iska. In ya ci, ɗauki hotonsa ka nuna.

Dillalin Ƙarfe:
Ku dai kun ƙi fenti, kun ƙi taya, kun ƙi kujera. Saura ku ce a bar ƙurar.

Baba Dattijo:
Ƙurar mun bar maka ita, Malam Dillali. Ruwa da sabulu da burushi mai laushi. Ban da injin wanki mai ƙarfin feshi, yana ɗaye fenti da tambari.

Auta:
Na gwada da hannu kamar yadda Oga ya ce, injin ya juya. Baƙin man baƙi ne, ba fari. Sufanar ma tana cikin akwatin. Sai dai wata sabuwa: da babban yayanmu ya ga hotunan da na tura, ya ce a dakata da maganar sayarwa, wai yana so ya ji ƙararta tukuna.

Hajiya Mai Lissafi:
To in shi zai riƙe, a yi mata kuɗi a gaban kowa ya biya sauran magada rabonsu, a rubuta.

Bakanike:
Ko wa zai riƙe, a canza matatar mai kafin a sa batir. Kuma turo min hoton farantin injin, ina so in tabbatar P3 ɗin ne.